Me Ya Haɗa Harshen Secwepemc da Dokarsu, Kuma Anya Harshen Zai Tashi?

Tambaya: Malam, a wani darasi an ambaci mutanen Secwepemc na ƙasar Kanada, wai shugabanninsu suna ƙoƙarin farfaɗo da harshe da al'ada da dokar gargajiya a lokaci ɗaya. Ni abin da ban gane ba, me ya haɗa harshe da doka? Sannan harshen da tsofaffi kaɗan ne suka rage masu jinsa, anya zai sake tashi?

Amsa: Malama, tambayarki biyu ce. Ta farko tana da amsa mai gamsarwa. Ta biyu kuwa sai an yi mata a hankali, domin masu son abin sukan yi saurin cewa "zai tashi", masu ƙinsa kuma su ce "an gama", alhali dukansu sun yi gaggawa.

Mu fara da su wane ne. Secwepemc 'yan asalin Kanada ne tun kafin zuwan Turawa, suna zaune ne a cikin lardin Birtish Kolambiya, yammacin Kanada, daga yankin kogin Fraser har zuwa duwatsun Rocky. Ƙasarsu, wadda suke kira Secwepemcúl'ecw, ta kai kimanin murabba'in kilomita 180,000, wato kusan ninki tara na jihar Kano. A yau sun kasu al'umma 17, kowace da shugabanta da ake kira kukpi7. Turawa da suka kasa furta sunan sai suka ce "Shuswap". Birnin Kamloops ma sunansa daga harshensu ya fito, Tk'emlúps, wato mahaɗar koguna. Harshen kansa sunansa Secwepemctsín, ɗan dangin harsunan Salish.

Kada lambar 7 da kike gani a tsakiyar kalma ta ruɗe ki. Hamza ce, irin wadda muke sa wa alama a "a'a" da "sa'a". Suna kuma da baƙaƙe 'yan tunkuɗau irin namu "ƙ" da "ts", har sun fi mu yawansu. Na sha gaya wa ɗalibai cewa Bahaushe zai riga Bature iya furta wasu kalmomin wannan harshe, duk da cewa babu dangantakar asali ko kaɗan tsakanin harsunan biyu. Rubutun da ake amfani da shi yanzu ya samo tushe ne daga aikin wani masanin harshe ɗan Holan, Aert Kuipers, wanda ya fitar da nahawun harshen a 1974.

Harshen bai raunana don kansa ba, yanke shi aka yi. A 1858 rububin zinariya ya kwararo da dubban baƙi yankin kogin Fraser. A 1862 cutar agana ta shigo, ta kashe kusan kashi biyu cikin uku na jama'arsu, garuruwa da dama suka watse gaba ɗaya. Aka tattara waɗanda suka rage a 'yan keɓaɓɓun filaye, ba tare da an taɓa ƙulla wata yarjejeniyar miƙa ƙasa da su ba. Dokar Indiyawa ta 1876, wato dokar da Kanada ta yi kan 'yan asalin ƙasar, ta ɗora musu tsarin mulkin da ba nasu ba. Daga 1927 zuwa 1951 ma laifi ne su tara kuɗi su ɗauki lauya don neman ƙasarsu. Amma abin da ya karya ƙashin bayan harshen shi ne makarantun kwana na dole: ta Kamloops da aka buɗe a 1890 aka rufe a 1978, da ta St. Joseph kusa da Williams Lake da ta kai 1981. A can ana hukunta yaro idan ya yi magana da harshen uwarsa. Ta Kamloops ɗin ce duniya ta ji labarinta a watan Mayu na 2021, lokacin da kukpi7 Rosanne Casimir ta sanar da cewa na'urar hangen ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun da ake zaton kaburburan yara ne, kimanin 200. Ranar Rigar Ruwan Lemo da ake yi a Kanada duk 30 ga Satumba ita ma daga labarin wata 'yar Secwepemc ta samo asali, Phyllis Webstad, wadda aka ƙwace mata sabuwar rigarta ranar da ta shiga makarantar St. Joseph a 1973 tana 'yar shekara 6.

Ki lura da inda ɓarnar ta fi tsanani. Yaran da aka doka saboda harshen sun girma sun zama iyaye, da yawansu suka ƙi koya wa 'ya'yansu, ba don raini ba, don tausayi. Ba sa son abin da ya same su ya sami ɗansu. Haka sarƙar ta tsinke a cikin gida, inda gwamnati ba ta ma buƙatar sa hannu kuma.

Yanzu ga tambayarki ta farko. Mu da muka saba da doka a littafi, da alƙali da kotu, mukan ɗauka inda babu waɗannan babu doka. Secwepemc suna kiran dokarsu stsq'ey', kalmar da ke ɗauke da ma'anar abin da aka rubuta ko aka yi wa alama. To ina aka rubuta? A jikin ƙasa: a duwatsu, a zanen da ke jikin fā, a sunayen wurare. Bayaninta kuma yana cikin tsofaffin labaran da suke kira stsptekwll. In kika fassara wannan kalma da "tatsuniya" kin rage mata daraja, domin mu tatsuniya muna rufe ta da "ƙurunƙus", mun yarda ƙarya ce mai hikima. Su kuwa a wurinsu labaran tarihi ne da hujja, kowanne yana da wurin da ya faru, ana iya kai ki a nuna miki.

Babban ɗan wasan labaran shi ne Sk'elép, wani karen daji mai kama da dilanmu, ga wayo ga wauta. Akwai labarin da wasu masu sihiri biyu suka zo daga bakin teku suna sauya halittu, suka tarar da shi, suka gwada mayar da shi dutse suka kasa. Ya gaya musu cewa nan ƙasarsa ce, shi ke da alhakin gyara ta, su koma su gyara tasu, kamar yadda shi ma ba ya zuwa ya tsoma baki a wurinsu. Yaro zai ji wannan ya yi dariya. Dattijo kuwa ya san abin da aka shimfiɗa: kowace al'umma da iyakarta, baƙo ba ya zartar da hukunci a ƙasar wani. Akwai kuma labarin da Sk'elép ya bi gidaje yana cin baƙunci. Wani mai masauki ya ɗora hannu bisa wuta, sai mai ya tsiyayo, wani tsuntsu ya yi nutso ta ramin ƙanƙara ya kamo kifi. Kowanne ya gani sai ya ce shi ma zai iya, ya ƙone hannu, ya maƙale a ƙanƙara. Duk wanda ya san yadda Gizo ke ƙarewa in ya kwaikwayi abin da ba nasa ba ya gane zancen. Shugabanninsu na yau suna jawo wannan labari ne idan ana maganar ɗauko tsarin mulkin Turawa a ɗora wa kai.

Har yanzu za ki iya cewa, to ai ana iya ba da labaran nan da Turanci. Ana iya, ana ma yi. Amma ga abin da ke zubewa a hanya.

Na ɗaya, harshen yana da "mu" iri biyu. Akwai -kt, mu har da kai da nake wa magana. Akwai kucw, mu ban da kai. Hausa da Turanci duk "mu" ɗaya gare su. Littafin da Marianne da Ron Ignace suka fitar a 2017 kan mutanen da ƙasarsu da dokokinsu yana da suna na biyu cikin harshen, Yerí7 re Stsq'ey's-kucw, "ga dokokinmu", kuma "mu" ɗin da ke ciki shi ne wanda ya cire mai sauraro. Da ɗan wannan ɗafi an riga an gaya wa gwamnati matsayinta. Idan kuma suna magana a tsakaninsu sai su ce Secwépemc-kt, dukanmu Secwepemc ne.

Na biyu, harshen yana sa mai magana ya nuna daga ina ya samo zancensa. Ɗafin -ekwe yana yin aikin "wai" namu, abin da aka ji daga wani. Ɗafin -enke kuma na abin da aka gano ta alama ne, ba a gani da ido ba. A dokar da ta dogara da baki da shaida, wannan ba ado ba ne. Shi ne ke bambanta ganau da jiyau. In an juya maganar dattijo zuwa Turanci ba tare da kula ba, sai jiyau ya koma ganau.

Na uku, kalmar kw'séltkten, wato dangi. Ba ta tsaya ga wanda kuka haɗa jini ba, tana ɗauke da haƙƙi: wa ya wajaba ka ciyar, wa ke da izinin kamun kifi a wuri kaza, wa zai riƙe yaro in iyayensa sun gaza. Ana ma faɗaɗa ta ta haɗa da dabbobi da kifi da tsirrai. Haka sunayen wurare: sau da yawa sunan yana faɗin abin da ake samu a wurin ko abin da ya faru a can. Taswirar Turawa ta shafe sunan, ta shafe hujjar tare da shi.

Kada ki ɗauka wannan sabon tunani ne na 'yan boko. A 25 ga Agusta 1910, a Kamloops, sarakunan Secwepemc da maƙwabtansu Syilx da Nlaka'pamux sun miƙa wa Firayim Minista Wilfrid Laurier takardar koke, wadda James Teit, wani ɗan Sikotland da ya zauna cikinsu ya iya harsunan yankin, ya rubuta musu. Duk takardar an gina ta ne bisa dokar baƙo da mai gida. Suka ce Turawan farko, 'yan cinikin fatu, sun zauna da ladabin baƙi. Suka ce kakanninsu sun yi niyyar a raba arziƙin ƙasa rabi da rabi a zauna kamar 'yan'uwa, sai baƙon ya mayar da kansa mai gida. Mu muna cewa baƙo raɓa ne. Nasu hantsi ya yi, rana ta take, bai bushe ba. Laurier ya faɗi zaɓe a 1911, maganar ta bi ruwa, amma har gobe ana karanta takardar a tarukansu a matsayin bayanin dokarsu.

Su wa suka ja ragamar farfaɗowar? George Manuel, ɗan al'ummar Neskonlith ta Secwepemc, shi ya fitar da maganar waje. Ya shugabanci ƙungiyar 'yan asalin Kanada ta ƙasa daga 1970 zuwa 1976, ya kafa majalisar 'yan asalin ƙasashe ta duniya a 1975, ya kuma ziyarci Tanzaniya zamanin Nyerere, abin da ya yi tasiri a tunaninsa. Jirgin ƙasan zanga-zangar da ya jagoranta zuwa Ottawa a 1980 yana cikin abin da ya sa aka sanya haƙƙin 'yan asali a sashe na 35 na tsarin mulkin 1982. A shekarar 1980 ɗin dai, al'ummar Splatsin ƙarƙashin Wayne Christian, wanda shi kansa an raba shi da iyayensa yana yaro, ta kafa dokarta ta riƙon yara, ta yi ayari har Vancouver, gwamnatin lardi ta amince. Wannan ita ce dokar kw'séltkten a aikace, shekara kusan 40 kafin Kanada ta yi dokar ƙasa a 2019 da ta yarda al'ummomin 'yan asali su riƙe wannan iko. A 1982 kuma al'ummomi 17 ɗin suka sa hannu a sanarwar haɗa kai don kare harshe da tarihi da al'ada.

Ta fuskar harshe, aikin da na fi girmamawa ba na manyan shugabanni ba ne. A 1987 wasu iyaye mata a Adams Lake, ciki har da Kathryn Michel, suka ji yadda Maori na Niyu Zilan suka ƙirƙiro "sheƙar harshe" a 1982: a tara jarirai da ƙananan yara tare da tsofaffi, ba a furta ko kalma ɗaya ta Turanci. Suka yi irin tasu. Da yaran suka isa shiga firamare sai aka ga in an kai su makarantar gwamnati an yi aikin banza, don haka a 1991 aka buɗe makarantar Chief Atahm, inda ake koyar da azuzuwan farko da Secwepemctsín zalla. Babu littattafai, su suka rubuta. Babu malamai, su suka horar. Wasu iyayen ma tare da 'ya'yansu suka koyi harshen.

Sai Ron Ignace, wanda ya yi fiye da shekara 30 yana kukpi7 na Skeetchestn. Kakannin iyayensa ne suka rene shi da harshen, aka kai shi makarantar Kamloops, ya gudu yana matashi, daga baya ya yi karatu har digirin digirgir. Shi da matarsa Marianne, farfesa a Jami'ar Simon Fraser, sun shafe shekaru suna naɗar muryoyin dattawa, suna bin sunayen wurare, suna maido da labaran da Teit ya rubuta da Turanci zuwa harshensu na asali tare da dattawa. A 2021 aka naɗa shi Kwamishinan Harsunan 'Yan Asali na farko a Kanada, ƙarƙashin dokar harsuna ta 2019.

In kina son ganin inda duk wannan ya yi aiki a zahiri, ki dubi Pípsell. Wani tafki ne da kewayensa a kudancin Kamloops, Turawa na ce masa Jacko Lake. Kamfanin KGHM na ƙasar Folan ya nemi haƙar tagulla da zinariya a wurin, babban rami a buɗe, aikin da ake kira Ajax. Bisa al'ada gwamnati ce ke tantance illar irin wannan aiki, ta "tuntuɓi" 'yan asali, ta yanke abin da ta ga dama. Al'ummomin Tk'emlúps da Skeetchestn suka ce a'a, mu ma za mu yi namu zaman bisa dokarmu. Suka kafa kwamitin mutum 46, da wakilai daga zuriya 13, da dattawa da matasa da shugabanni. A 2016 suka saurari shaidu, masana kimiyya na zamani da masu ilimin gargajiya duka. Ginshiƙin hujjarsu shi ne labarin 'Ya'yan Kifi, wanda ya faru a wannan tafki, ya haɗa duniyar ƙarƙashin ruwa da ta doron ƙasa da ta sama, ya kuma shimfiɗa yadda mutum zai zauna da sauran halittu. A watan Maris na 2017 suka yanke hukunci: ba su yarda ba. A Disamba na shekarar gwamnatin lardi ta hana kamfanin takardar izini, ta tarayya ma ta bi sahu a 2018. Gaskiya ne ba su kaɗai suka ƙi aikin ba, majalisar birnin Kamloops ma ta ƙi, kuma binciken gwamnati ya nuna illoli. Amma abin da ya sa masana doka ke yawan komawa ga wannan shari'a shi ne, ba koke suka kai ba, hukunci suka yanke, da tsarin zama da shaidu da dalilai a rubuce.

Ƙofar karɓar irin wannan hujja ta buɗe ne tun hukuncin Kotun Ƙolin Kanada a shari'ar Delgamuukw ta 1997, wanda ya ce tarihin baka hujja ne a kotu, da na 2014 da ya tabbatar wa maƙwabtansu Tsilhqot'in mallakar wani yanki na ƙasarsu. Sashen binciken dokokin 'yan asali na Jami'ar Victoria, ƙarƙashin Val Napoleon, ya yi aiki da majalisar al'ummomin Shuswap wajen tsamo ƙa'idoji daga labaran, ta hanyar karanta kowane labari kamar yadda ɗalibin lauya ke karanta tsohon hukunci: mene ne matsalar, wa ya yanke, me aka yanke, saboda me. Hanyar tana da amfani, tana sa alƙali da jami'in gwamnati su fahimta. Tsorona da ita ɗaya ne. Mafi yawan aikin da Turanci ake yinsa, daga labaran da aka riga aka fassara. In aka yi sake, za a wayi gari da dokar Secwepemc mai kyau a kan takarda, ana yi mata ado da kalmomi goma na harshen, alhali babu mai iya yin muhawara da ita cikin harshen. Wannan shi ne Sk'elép da hannunsa bisa wuta.

Wannan ya kawo mu tambayarki ta biyu. A ganina ɓangaren doka ya yi wa ɓangaren harshe nisa, kuma dalilin a fili yake. Hukunci irin na Pípsell mutum 46 za su iya yanke shi cikin shekara biyu. Harshe kuwa sai an yi ta magana da shi safe da yamma, shekara da shekaru, a gidaje masu yawa. Waɗanda suka tashi da harshen tun daga nono ba su wuce 'yan ɗaruruwa kaɗan ba a cikin jama'ar da ta haura 10,000, kuma kusan dukansu tsofaffi ne. Sun kuma warwatsu a faɗin ƙasar da na gaya miki, ga bambancin karin harshe tsakanin gabas da yamma, ga kuɗin tallafi da yawanci na shekara-shekara ne, malami ba ya sanin ko baɗi akwai albashi.

A ɗaya gefen, masu koyo suna ƙaruwa. Akwai tsarin da ake haɗa dattijo ɗaya da almajiri ɗaya su yi awa 300 a shekara tare, suna girki, suna gyaran kifin salmon, suna tsinkar 'ya'yan itace, ba Turanci. Akwai rumbun FirstVoices a intanet, da aka fara a 2003, inda ake adana kalmomi da muryoyi. Akwai kuma waɗanda ake kira masu ji ba sa mayarwa, mutanen da harshen ke cikin kansu amma tsoron yarinta ya ɗaure musu baki. Su ba darasin nahawu suke buƙata ba, waraka suke buƙata, kuma duk wanda bakinsa ya buɗe an sami riba mai sauri.

Manhajar waya da ƙamus ba sa tayar da harshe, ajiye shi suke yi. Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa sanin yadda harshe ke mutuwa, sai dai mu a ɗaya ɓangaren muke tsaye: harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya ɓace ne tsakanin 1920 da 1940 saboda masu shi sun koma Hausa, kuma akwai wasu da dama a Bauchi da Filato da ke kan wannan hanya yanzu, ba tare da an doki kowa ba.

Saboda haka in kika ce zai koma yadda yake kafin 1862, kowa na jinsa daga tsoho har jariri, ban ga alama ba a zamaninmu. In kuma kina nufin ko za a sami wasu gidaje da makarantu da zaman yanke hukunci da ake gudanarwa da shi bayan dattawan yanzu sun shuɗe, wannan mai yiwuwa ne, kuma an riga an kama hanya. Yaran da suka shiga sheƙar Adams Lake a 1987 yanzu sun kai kimanin shekara 40, wasunsu suna koyarwa, wasu suna da nasu 'ya'yan. Alƙaluman da nake bi ba yawan masu sauke manhaja ba ne. Ina duban yawan waɗannan iyayen da, idan yaro ya yi ɓarna a gida kuma rai ya ɓaci, faɗan da Secwepemctsín yake fitowa daga bakinsu.